Faranti Biyu a Tebur

Talata, 15 ga Satumba, da yamma

Darla ta kore ni daga asibiti. 'Yar da na haifa da cikina ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mama, ki je gida ki yi wanka, kin fara tsami." A gaban nas ta faɗa. Na dawo, na yi wankan, ga ni zaune a kicin da rigar mijina Delmer a jikina, na rasa abin da ake yi da hannuwa in ba wanda za a dafa wa abinci. Shi ya sa na ɗauko biro.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Asabar ba. Kowa a kwarin nan ya riga ya sani, waɗanda ba sa wurin ma sun fi ni sani. Mijina ya hau can ƙololuwar rumbu yana rataye ganyen taba, kamar yadda yake yi kowace kaka tun kafin ya aure ni. Ni kuma na zuba abincin rana, na fita baranda na ƙwala masa kira. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Likita ya ce ba su san wanne ya riga wani ba, abin da ya fashe masa a ka ko faɗuwar. Na ce ina ruwana da wanda ya riga? Ku tashe shi kawai. Inji ne ke yi masa numfashi. Fuu, tak, fuu, tak, ba ya kuskure ko sau ɗaya, ta nan ma za ka san ba Delmer ba ne.

Manjo, tsohon karenmu, yana kwance a ƙofar rumbu, ya ƙi abinci. Ban shiga rumbun ba.

Laraba, 16, da hantsi

Matan coci sun fara sintiri da kwanuka. Romon kaza, wake, burodin masara. Kowace in ta ajiye sai ta riƙe min hannu ta langaɓar da kai. Ni kuwa ba fuskarsu nake kallo ba, murfin kwano nake ɗagawa. Duk abincin ciwo ne, na gode Allah. Muddin Eula ba ta shigo da kek ɗinta na kwakwa ba, da sauran magana. Shinge ɗaya ya raba gonarmu da tasu, tare muka yi 'yan matanci, kuma ban taɓa ganin kek ɗin nan ya shiga gidan da ba a yi rashi ba. Delmer yakan ce in ya hango Eula da farin kwali a hanya, juya mota yake yi, kada ta yi ɓatan gida.

Alhamis, 17, da yamma

Da na sani da ban kunna rediyo ba.

Ina kan hanyar birni, na wuce gidan mai ke nan, sai mai shirin zaɓen masu sauraro ya ce, "Wannan ta Delmer Tackett ce, daga abokansa na zauren tsofaffin sojoji, Allah ya tashi kafaɗarsa." Ya saka "Faranti Biyu". Duk waƙoƙin duniya sun rasa wadda za su zaɓa sai ita! Na gangara gefen titi na tsaya, amma na kasa kashe rediyon.

Ba mu muka yi ta ba, faifan mawaƙa Garland Teague ne da Nola Faye, shekarar da Darla ta shiga makaranta. Amma a nan in an ce "Faranti Biyu" mu ake nufi, don kowace Asabar da ita muke rufe taro a zauren, shi da jitarsa, ni da muryata, makirufo ɗaya tsakaninmu. Namijin yana kan hanya da tsohuwar mota, yana cewa ruwa ya hau gada amma shi ya san gadar. Macen tana gida, ta ɗora wake, ta share baranda. Suna karɓa wa juna har baiti biyu. A na uku sai muryarsa ta ɓace, ita kaɗai:

Faranti biyu a tebur, abinci ya huce,
kare ya miƙe yana kallon hanya.

Daga nan ganga ta tsaya, kowa ya yi tsit, jita kaɗai ke tafiya a hankali. Sai su biyun su shigo tare da layi ɗaya, waƙa ta ƙare:

A jawo ƙofa, sanyi na shigowa.

Shi ke nan fa. Ya dawo ko bai dawo ba? A kan wannan ni da Delmer mun yi musu a mota, a gona, a gado, har a jana'izar babarsa mun yi shi ƙasa-ƙasa. Ni na ce ruwa ya ci mutumin, matar ce ta zauna da farantanta har kanta ya fara jiyo mata muryarsa. Shi ya ce, "Earline, ke dai ba kya so a ji daɗi. Mutum ya iso gida, ya tsaya a bakin ƙofa, ya san abin da matarsa za ta ce don kullum shi take faɗa, sai ya faɗa tare da ita don tsokana. Kare yana miƙe wa fatalwa ne?" Na ce, "Sosai ma, ai shi ya fi kowa ganinsu." Sai ya fito da babbar hujjarsa. Wai in ka kasa kunne a faifan, cikin shirun nan, za ka ji namijin ya ja numfashi kafin ya shigo. "Matacce ba ya jan numfashi, 'yan mata." Na ce ƙurar allurar garmaho ce. Shekara ashirin da wani abu ina cewa ƙurar allura ce.

Yau a gefen titi na kasa kunne. Wata babbar motar katako ta wuce a daidai wurin.

Juma'a, da rana

Babu canji. Na aske masa gemu, na yanke shi a haɓa, ko motsi bai yi ba.

Asabar, 19, da la'asar

Coy ya zo asibiti, ƙanen Delmer, shi ke buga mana ganga. Ya leƙa ɗakin, ya ga bututun a bakin yayansa, ya fito yana murza hula. Ƙato guda, amma fuskar nan ta yi fari fat.

"Matar yaya, yau a buɗe zauren ko a rufe? Mutane na tambaya."

"Ku buɗe mana. Wani ya mutu ne?"

"A'a, ni ban ce ba."

"To ku je ku yi kiɗanku. Amma duk wanda ya taɓa waƙar nan, gangarka zan fasa masa a ka."

Ya yi dariya, sannan ya zauna yana share hanci. Don ya faranta min sai ya shiga ba Corinne, nas ɗin da ke kula da Delmer, labarin takalman yayan nasa, cewa duk na ƙafar hagu a lotse suke a baki. Gaskiya ne. Delmer bai taɓa iya jiran shirun waƙar ya cika ba. Tun jita ba ta kai inda take juyawa ba, sai in ji kafaɗarsa ta ɗaga a jikin tawa, ya zuƙi iska dogon ja, ya ɗage haɓa, zai faɗo kafin lokaci. Ni kuma in take masa ƙafa da dunduniya, in ce, "Ba yanzu ba, tsoho, jira," in riƙe shi a nan har wurin ya zo. Mutanen zaure suna ɗauka soyayya ce ke sa ni matsowa. Na yi faɗa, na yi lallashi, na sa Coy ya riƙa yi masa alama da ka, duk a banza. Yakan ce, "Ba ni ba ne, mutumin ne ke ɗoki, ya ƙagu ya shiga gida."

Corinne ta ce ita fa tun tana yarinya ta gama gane waƙar. "Misis Tackett, wane irin ruwa? Wata ce da shi a ƙetaren gada. Haka tsohon mijina ya ce min taya ce ta fashe." Muka yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na yi. Da na koma ɗakin sai na ga ƙafarsa ta hagu ta leƙo daga ƙarƙashin bargo, fara sol, dariyar ta koma min ciki. Na rufe masa ita.

Lahadi, bayan coci

Fasto ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙi Ubangiji ya ba iyalin Tackett ƙarfin karɓar duk abin da ya zo. Bai ce ya tashe shi ba. Na saurara da kyau, bai ce ba. A bakin ƙofa kuma ya riƙe min hannu ya ce shi a ganinsa ƙofar da ke ƙarshen waƙarmu ta gidan sama ce, can su biyun suka haɗu. Wai ta'aziyya... wai ƙarfafa min gwiwa yake yi. Wa ya tambaye shi? Mutumin da ko zauren ba ya takawa saboda ana sayar da giya.

Litinin, da hantsi

Wayar nan in ta yi ƙara sai gabana ya yanke ya faɗi. In ta yi shiru kuma sai in ɗaga in ji ko tana aiki.

Talata, 22, da yamma

Sun kai mu ƙaramin ɗakin nan mai kujeru masu laushi da kwalin hankici a tebur. Daga ganin kwalin na san ba alheri.

Likitan mutumin kirki ne, ba ya kwana-kwana. Ya ce kullum da safe suna rage wa injin ƙarfi su ga ko Delmer zai ja da kansa. Yana ja, sama-sama, na ɗan lokaci, sannan ya gaji. Amma ya ce jiki yana iya wannan ko da mai shi ba ya ciki. Bututun ba zai ci gaba da zama a baki ba. Ko dai su huda masa maƙogwaro su mayar da shi nan, a kai shi gidan jinya, a jira abin da ba wanda zai yi mana alkawarinsa. Ko kuma.

Ya faɗi ɗayan. Darla ta ji. Ni ina kallon hoton agwagi da ke bango.

Ya ce mu je mu yi shawara zuwa mako mai zuwa.

Maƙogwaron Delmer fa. Mutumin da ko ruwan sanyi ba ya sha ranar Asabar, yana naɗe wuya da jan gyale tun ganye bai fara zuba ba, ana yi masa dariya ko a jikinsa.

Laraba, da rana

Coy da mutanen zaure sun zo sun ƙarasa rataye tabar. Ina jiyo su daga kicin, ba mai raha. Na ajiye musu kofi a baranda. Ban shiga rumbun ba.

Alhamis, 24, da rana

Na shiga kanti sayen sabulu. Ina zagayowa sai ga Eula a layin kayan kek, da ledar gogaggiyar kwakwa a hannu. Muka haɗa ido. Matar nan ta cusa ledar ƙarƙashin burodi kamar yarinyar da aka kama tana lasar sukari.

"Earline! Ya mai jiki?"

"Wa ya mutu, Eula?"

"Haba, wace irin magana ce wannan? Arha na ga an yi."

"Arha. Ke da ko gishiri sai ya ƙare ƙaf kike saye?"

Idonta ya ciko. Ta ce, "Ni fa ba na so abu ya zo min ba shiri. Kin san hannun nan ya fara ciwo, yanzu sai in wuni biyu ban gama shi ba." Ba ta san ta faɗa ba sai da ta gama faɗa. Ta toshe baki.

Na bar sabulun a nan. Na shiga mota na zauna ban tayar ba. Bari in rubuta shi sarai tunda ba mai gani: tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba, har a haƙorana nake jin sa.

Juma'a, da sassafe

Na sake fito da faranti biyu. Hannuna ne, ba ni ba.

Juma'a, da yamma

Gadon da ke kusa da na Delmer an cire masa zani, an goge katifar. Matar mai gadon takan ba ni alewa kullum. Ban tambayi Corinne ba, ita ma ba ta kalle ni ba.

Asabar, 26, da yamma

Darla ta biyo ni gida. Ta ga farantan a tebur. Ta ja kujerar babanta ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Mama, Baba ba ya nan."

"Yana nan inda kika baro shi."

"Kin san abin da nake nufi. Kina so a huda shi a kai shi gidan da aka kai Kaka, a riƙa juya shi kamar buhu? Shi da bakinsa ya ce in ya kai haka a zagaya da shi bayan rumbu a harbe."

"Wasa yake yi. Ubanki komai wasa ne."

"To ke ba wasa kike ba. Tun ina kwanciya ƙarƙashin tebur a zaure nake jin ki kina cewa matar cikin waƙar nan abar tausayi ce. Wai da tana da mai ƙaunarta ko ɗaya, da ya ɗauke farantin nan ya mayar kabad, ya gaya mata gaskiya. Ke kika faɗa. Ni ce mai ƙaunar taki, Mama."

Ta miƙa hannu ta ɗauki farantin. Ban san lokacin da na fizge ba. Bai fashe ba. Muka tsaya kowa na haki, ni da faranti a ƙirji, ita tana irin kukanta na yarinta, baki a buɗe ba sauti.

Ba muguwa ba ce. Ita ke kwana a kujerar asibiti, ta baro 'ya'yanta da aikinta. Abin da ke ci min rai shi ne gaskiyarta ce. Na faɗa ɗin, ba sau ɗaya ba, har da fari da ido ina jin na fi kowa kai. Kuma ko yanzu da nake rubutun nan, in aka tsare ni aka ce in faɗi tsakanina da Allah, ruwa ya ci mutumin nan. Wa ke hawa gadar da ruwa ya rufe ya fito? To in haka ne, ni wace ce a kicin ɗin nan?

Lahadi, 27, da rana

Ban je coci ba. Na zaro faifan daga ƙasan kabad, na kunna garmaho, na durƙusa na manna kunne da lasifika. Na ce in na ji numfashin nan to Delmer ne da gaskiya, in kuwa shi ne da gaskiya... Ni ma ban san me na ɗauka faifai zai yanke min ba. Mace da jikokinta tana neman shawara wurin roba.

Baiti na ɗaya lafiya, na biyu lafiya. Kare ya miƙe yana kallon hanya. Sai ƙarrr, ƙarrr, kamar ana soya ƙwai. Wurin ya cinye. Duk baƙon da ya taka gidan nan sai Delmer ya zaunar da shi ya ɗora masa allura a daidai nan, "Ji, ji, ka ji ko?", har ya goge abin da yake so a ji. Na yi ta maimaitawa har gwiwoyina suka sage. Ba komai sai ƙarar.

Na kira Coy in ji ko yana da kaset. Ya ce rikodar motarsa ta tauna shi tun bara. Sannan ya ce, "Matar yaya, ko da kin ji, ai kowane mawaƙi yana jan numfashi kafin ya buɗe baki. Ban taɓa gaya wa Yaya ba ne don kada in ɓata masa." Na kife wayar ko sallama ban yi ba.

Litinin, da hantsi

Ina wanke kofi na hango ta taga Manjo ya miƙe daga ƙofar rumbu, kunnuwa a tsaye, yana kallon hanya. Wayyo Allah! Kofin ya suɓuce, na fita ba takalmi. Na san inda Delmer yake, na san ba shi da ƙafar zuwa, amma na fita da gudu har bakin shinge.

Mai kawo wasiƙu ne. Ya ɗago min hannu ya wuce.

Yanzu na san yadda ake yi a zama matar nan. Ashe ba wuya.

Litinin, da yamma

Na gaya wa Darla ta yi yadda ta ga ya dace, ko da cire injin ne, ni kaina ba abin dogara ba ne. Gobe likita zai zo bayan gwajin safe. Abu ɗaya na roƙa, a bar ni in rufe masa taro kamar kullum. Ta ce za ta ɗauko jitarsa. Shi ya koya mata, ta ajiye tun da ta yi aure.

Na mayar da farantin kabad da hannuna.

Talata, 29, da yamma

Sai na rubuta wannan yanzu, kafin kaina ya ƙara gishiri ko ya rage.

Corinne ta rage injin kamar kullum, ta ja labule, ta ce mu yi a hankali saboda na kusa. Delmer yana ja da kansa, ƙanana-ƙanana, kamar mai tsoron ya tashi wani daga barci. Coy ya jingina da bango ya cusa hannuwa a aljihu. Darla ta zauna gefen gado da jitar, ta ce, "Yatsuna sun manta." Ba su manta ba.

Baitocinsa ban bar kowa ya yi ba. Jita ta bi wurarensa ita kaɗai, ni na shiga a nawa. Na ɗora wake, na share baranda. Muryata sai ka ce tsohuwar ƙofa. Ban tsaya ta wajen kansa ba, don ba zan iya kallon bututun ina waƙa ba. A ƙarshen gado na tsaya, hannuna a kan bargo. Ba gwada shi nake ba, Allah ya sani. Sallama nake yi.

Na zo na uku. Abinci ya huce. Kare ya miƙe. Na yi shiru, Darla ta ci gaba a hankali, kanta a ƙasa. Tun ba ta kai inda jita ke juyawa ba, ƙirjinsa ya cika. Ba irin ƙananan nan ba. Dogon ja, har bututun ya yi ƙara, kafaɗar hagu ta ɗaga daga matashi, haɓar da na yanka ta ɗan ɗago.

Ban yi tunani ba. Hannuna ne ya damƙi yatsun ƙafarsa ta cikin bargo ya matse, na ji bakina yana cewa, "Ba yanzu ba, tsoho, jira."

Ya riƙe. Na rantse da Allah ya riƙe iskar. Darla ta kai wurin, na buɗe baki, layin ya fito, shi kuma ya sake ta tare da ni, a hankali, har ƙarshe.

Jitar ta tsaya. Ba wanda ya motsa. Ya koma ƙananan numfashinsa, ido a rufe, kamar ba a yi komai ba.

Darla ce ta fara magana, muryarta can ƙasa. "Ya yi sauri."

Coy ya ce, "Kullum ma." Sai ya juya ya fuskanci bango.

"A daidai inda yake yi, Mama. Ban kai ba. Saura kaɗan in kai."

Na ce mu sake. Muka sake daga farko, bai yi ba. Muka kuma, bai yi ba, sai ma gajiya da ya fara. Corinne ta mayar da injin. Fuu, tak.

Likita ya zo, muka gaya masa mu uku muna katse juna. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce masu irin wannan ciwon sukan yi dogon numfashi haka kawai lokaci-lokaci. Ya ce kuma ba zai ce abin da muka gani ba shi ba ne, don bai sani ba. Sannan ya tambaya me muka yanke. Na kalli Darla, tunda na riga na ba ta wuƙa da nama. Ta rungume jitar ubanta, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Ku huda."

A mota ta ce, "Mama, in mun yi kuskure fa? In mun ɗaure shi ne a gadon nan shekara da shekaru saboda numfashi ɗaya?"

Ban ce mata ba mu yi ba. Ni ma abin da ke ci na ke nan.

Laraba, da rana

Sun yi. Ramin ƙarami ne, bai kai yadda na zata ba. Bai farka ba. Na yafa masa jan gyalensa a ƙasa da wurin, Corinne ta yi kamar ba ta gani ba.

Alhamis, 1 ga Oktoba, da yamma

Eula ta ƙetaro shinge da kwano a rufe, ta tsaya a ƙasan baranda ta kasa hawowa. Na sauka na ɗaga murfin a gabanta. Romon kaza.

"Kwakwar fa?"

"Tana kabad."

"Ta zauna can."

"Za ta zauna. Ai ba ta saurin lalacewa."

"Eula, fita min daga gida."

Ba ta fita ba. Ta ajiye kwanon a ƙasa ta rungume ni, muka yi ta kuka muna dariya, Manjo ya lallaɓo ya sa baki a romon, muka ƙyale shi.

Bayan ta tafi na shiga rumbun. Tabar ta fara yin ja, ƙamshinta ya cika ko'ina. Wani ya rataye hular Delmer a ƙusa ta bakin ƙofa. Ban ɗaga kai sama ba. Na ɗauko hular na fito.

Har yanzu ban yarda mutumin cikin waƙar ya dawo ba. In Delmer ya tashi zan gaya masa haka ido da ido, ya nemo hujjar da ta fi wannan. In ya tashi. Tsoron yana nan inda yake, bai rage komai ba, sai dai yanzu mu biyu ke ɗauke da shi.

Darla ta zo cin abinci, ita ta shirya tebur. Ta ajiye farantinta, ta ajiye nawa. Ta tsaya gaban kabad ta ba ni baya, har na ɗauka ta manta abin da ta je nema. Sannan ta ɗauko na uku ta ajiye a wurinsa. Muka zauna. Ƙofar baranda a buɗe take, sanyi na shigowa, kuma ba wadda ta tashi ta jawo ta.